Zangon Mai Tafiya da Kare: Daga Sakkwato Zuwa Illo

Gabatarwa

Bahaushen da can ba ya auna nisan gari da mil ko kilomita, da zango yake aunawa. In an ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango biyar ne, ana nufin sau biyar ayari zai sauke kaya, ya kwance dabbobi, ya hura wuta, ya kwana. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 sun san cewa mugun masauki ya fi muguwar hanya kashe jaki. Shi ya sa madugu yake da jagaba, wanda ya san inda ruwa yake, da inda ciyawa take, da garin da sarkinsa ke karɓar baƙi. Kalmar ta bi fataken har ta zauna a ƙasashen da suka je, don haka ake samun unguwar Zango a Kumasi da Kwatano da Lome.

Mota ta rage wa wannan kalma nauyi. Matafiyin yau yana tsayawa ne inda direba ya ga dama, ya yi salla, ya sayi ruwan leda, ya koma kujerarsa. Amma akwai abokin tafiyar da ke tilasta wa mutum ya koma karatun hanya irin na jagaba, shi ne kare. Wannan rubutu bayani ne na abin da na gani a wata tafiya da na yi da karen farauta daga Sakkwato zuwa Illo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin.

Dalilin Tafiyar

Binciken digirina na biyu a kan kirarin mafarauta ne, kuma mafi yawan abin da na tattara daga bakin wani dattijo maharbi na ƙasar Illo na same shi. Wata rana da na koma gaishe shi, na tarar gadu ya farke wa karensa cinya, raunin ya soma ɗoyi. Sunan karen Barsu, irin sunayen habaicin nan da mafarauta ke sa wa karnukansu don maƙwabci ya ji. Dattijon ba shi da gona mai yawa. Da wannan kare yake kama zomo da gafiya da burgu, ya ci, ya sayar. Na roƙe shi ya bar ni in kai karen wurin likitocin dabbobi a Sakkwato. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ɗana, amana ce na ba ka, ba kare ba.” Ya haɗa ni da jikansa, yaro ɗan shekara sha biyar, wanda karen ke jin maganarsa.

Zuwa bai yi wuya ba, don karen a kwance yake, ko haushi ba ya iya yi. Komawar ce ta zama aiki. An yi ɗinki, an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, ƙarfinsa ya dawo, ga shi kuma watan Afrilu ne, lokacin da zafin wannan yanki kan haura digiri 40. Motar haya ba ta ɗaukar kare, ko direba ya yarda fasinja ba za su yarda ba. Daga ƙarshe na sami wani mai a-kori-kura da ke kai kaya kasuwannin bakin iyaka, ya amince a kan sharaɗin karen ya zauna a baya tare da yaron.

Inuwa da Lokaci

Likitan da ya sallame mu ya yi mini bayanin da ya zama ma'aunin tafiyar gaba ɗaya. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum ko doki, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Alamar ita ce harshe ya zazzago, yawu ya yi kauri, ƙafafu su soma tangaɗi. Ya ce kada a cika masa ciki kafin a tashi domin zai yi amai, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a tsaya bayan kowace awa biyu.

Mun tashi da aka idar da sallar Asuba. Mun shimfiɗa buhunan algarara a jiƙe a kan ƙarfen bayan motar, muka ɗaura tabarma ta yi rumfa. Muka wuce Boɗinga da Shagari da sanyin safiya. Zangonmu na farko gab da Tambuwal ne, a gindin wata tsamiya da ke nesa kaɗan da kwalta. Tun a nan na gane cewa ba kowace inuwa ce ke da amfani ba. Inuwar da ke bakin titi ta masu sayar da abinci ce da 'yan kabu-kabu, kuma inda jama'a suke nan yara suke, inda yara suke kuwa, kare bai rasa jifa. Wadda ta dace ita ce ta gefen gona, inda ƙasa ce ba kwalta ba, don kwaltar da ta sha rana tana ƙona tafin kare, inda kuma za a iya sassauta masa igiya ya zaga ya yi fitsari ba tare da ya tsorata kowa ba.

Ruwa da Hukunci

Mun ratsa Aliero, garin albasa da ɗori, muka isa Jega da hantsi. Jega tsohuwar kasuwa ce da ayarin Gwanja ke haɗuwa a cikinta, har yau kuma mahaɗar hanyoyi ce. Direba yana da kayan da zai sauke a cikin gari, ni kuwa ban so karen ya shiga cunkoso ba, sai muka sauka da yaron a bayan gari kusa da wani lambu mai rijiya. Mai lambun ya dubi karen, ya dube ni, ya ce, “Malam, wanga kare na hwarauta na ko na gadi?” Na ce na farauta ne, jinya aka kai shi. Sai fuskarsa ta saki, ya ja guga da kansa. Yaron ya miƙa kaskon da muka taho da shi, aka zuba a ciki, gugan bai taɓa kaskon ba.

Wannan ɗan abin da ya faru a bakin rijiya yana da tushe a karatun da mutanen ƙasar nan suka gada. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibin zaure ke karantawa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta hana ajiye kare a gida, amma ta keɓe na tsaron gona da na kiwo da na farautar neman abinci. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai bin umarni ne. Kowa kuma ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk da haka ƙyamar kare ta yi zurfi a al'ada, har zagi ake yi da sunansa. Mai tafiya da kare yana tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne, kuma ba wurinsa ba ne ya tsaya jayayyar fiƙihu a bakin rijiyar wani. Abin da ya kamace shi, ya zo da kaskonsa, ya yi sallama daga nesa, ya faɗi aikin karen tun kafin a tambaye shi. Na lura cewa kalmar farauta tana buɗe ƙofar da wata kalma ba ta buɗewa, domin ta nuna dabbar tana ciyar da gida.

Zangon Rana Tsaka

Tsakanin Maiyama da Koko rana ta take. Iskar da ke bugun bayan motar ta zama kamar ta bakin tanda, buhunan sun bushe, yaron ya buga rufin mota ya ce hakin karen ya sauya. Direba ya so mu lallaɓa mu kai Koko, inda akwai abinci da masallaci. Na ce masa, “Yallaɓai, mu muna iya jira, shi ba ya iyawa.” Ya yi tsaki, amma ya karkatar da mota.

Wuri na farko da muka hanga rugar Fulani ce mai manyan itatuwa. Yaron ne ya hana. Ya ce ruga tana da karnukanta, ba sa barin baƙon kare, ga shi namu da ɗinki a cinya. Akwai kuma abin da ya fi faɗa tsoro. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a warkewa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinsa, amma karnukan karkara kaɗan ne ke samu. Saboda haka duk inda muka ga karnuka na yawo sakaka, wucewa muke yi.

Mun sami wata gonar mangwaro gaba kaɗan, mai ita yana kwance a kan tabarma. Muka nemi izini, ya nuna mana itacen da ke can ƙarshe. Muka jiƙa wa karen ƙirji da ciki da tafukan ƙafa, muka kauce wa ɗinkin. A nan muka yi Azahar, ɗaya na salla ɗaya na riƙe da igiya, muka zauna har rana ta karya. Awa uku muka yi. Fatake ma haka suke yi, su yi sammako, su sauka kafin rana ta yi tsanani, domin ƙarfin dabba shi ne jarinsu.

Kogi da Masaukin Dare

Daga Koko muka bar babbar hanyar Yawuri, muka yi yamma ta Besse zuwa Bagudo. Da muka kai gadar Tuga a kan Kogin Kwara, rana ta yi ja. Bakin kogi yana da daɗin ido, amma ba wurin sakin kare ba ne. Mata na wanki da ɗiban ruwa, masunta na shanya kifi, ciyawar gaɓa cike take da kaska, a duhuwar bakin ruwa kuma ana samun tsando mai sa wa dabbobi sammore. Mun gangara ƙasa da mashayar mutane, muka ɗebo ruwa a kasko, muka koma kan tudu.

Halin tsaro ya sa ba a son tafiyar dare a wannan yanki, ga kuma direba ya gaji. Sai muka shiga wani ƙauye a tsallaken kogi, muka nemi gidan mai unguwa. Da ya ji bayaninmu bai yi dogon tunani ba, ya kira wani yaro ya ce, “Kai su gidan maharbi.” A nan na ga tsohon tsari yana aiki da ransa. A garin Hausa baƙo yana sauka ne gwargwadon sana'arsa: almajiri a gidan malam, mahauci a gidan Sarkin Pawa, maƙeri a maƙera. Mai kare kuwa masaukinsa gidan mai kare. Maharbin ya ɗaure nasa biyu a bayan rumbu, ya ba namu turke a ƙofar zaure, ya duba ɗinkin da fitila, ya tambayi sunan mai karen. Ashe sun taɓa haɗuwa a farautar gayya shekaru da suka wuce. A daren nan na sami kirari biyu da babu su a kundina, ban ma roƙa ba.

Illo

Da safe muka isa. Illo na ɗaya daga cikin tsofaffin masarautun Bargu tare da Busa da Nikki, kuma mashigin ayari ne ga masu tsallaka Kwara su nufi Kandi da Zugu har Salaga. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a birnin Faris ranar 14 ga Yuni, 1898 ta ja iyaka ta faɗo kogi mil 10 sama da Giris, wadda a lokacin ita ce tashar jiragen ruwan Illo. Layin ya raba dangi da dazuzzukan farauta gida biyu. A yau mutum zai ji Hausa da Dandanci da Fulatanci da harshen Kyangawa a kasuwa ɗaya, mafarautan ɓangarorin biyu kuma sun san juna. Dattijon bai yi mini doguwar godiya ba. Ya tsuguna, ya shafa tabon, ya ɗaga ƙafar ya lanƙwasa, sannan ya tambayi jikansa inda muka tsaya, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan rugar da muka wuce, ya gyaɗa kai.

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne, zango nagari abu uku ke haɗa shi: inuwa, da ruwa, da mutumin da ke da ikon cewa ku sauka. Biyun farko ido na ganinsu daga cikin mota, na ukun kuwa sai an sauko an yi sallama. Gonar mangwaro ba ta zama zango ba sai da mai ita ya nuna mana itace, ƙauyen tsallaken kogi bai zama masauki ba sai da mai unguwa ya san gidan da ya dace da mu.

Hanyoyinmu na yau an shimfiɗa su ne don inji. Akwai gidan mai, akwai tasha, akwai masallaci, amma da wuya a ga wurin da aka tanada don dabba ta sauka ta sha ruwa, alhali kullum tireloli na bin wannan hanya maƙare da shanu da tumaki zuwa kudu, cikin rana ɗaya da wadda ta kusa kayar da Barsu. Kakanninmu da ba su da kwalta sun ware wa dabbar baƙo fili a bayan gari, suka naɗa wa wurin sarki. Masu nazarin al'ada suna da aiki a nan: a bi tsofaffin zangunan da ke tsakanin Jega da Illo, a rubuta sunayensu da rijiyoyinsu da gidajen da ke saukar da baƙi, tun dattawan da suka san su suna da sauran numfashi.