Hawan Mambila: Wace Hanya, Wace Mota?

Daga Jalingo har Mayo Selbe babu abin da zai nuna wa baƙo cewa ƙasar sanyi ya nufa. Zafi ne irin na kwarin Binuwai, gonakin doya da masara dama da hagu, ga manyan motoci ɗauke da itace da buhunan hatsi. Sai an wuce Serti ne duwatsu ke fara matsowa, har a iso Mayo Selbe inda dutse ke tare gaba ɗungurungum. Daga nan kwalta ke fara naɗewa a jikin tsauni, kwana bayan kwana, hannu guda bangon dutse, ɗaya hannun rami mai zurfin da ido ba ya son leƙawa. A cikin tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba mota za ta ɗaga sama da kusan mita 1,000. Kunne zai toshe, a sauke gilashi a ji iska ta sauya, wanda ya fito da 'yar shara ya fara laluben rigar sanyi. Wannan shi ne hawan Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, wasu wuraren ma su zarce 1,800.

Yawancin masu shirin zuwa, tambayarsu ɗaya ce: motata za ta iya hawa? Ni a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Kusan duk motar da ke da lafiya za ta hau, don ƙananan motocin haya na hawa kullum, an danƙare su da fasinja da kaya har but ba ya rufuwa. Abin da ya kamata mutum ya fara yanke wa kansa shi ne inda tafiyar tasa za ta tsaya: a bakin kwalta ne, ko zai wuce ta? Sannan ya tambayi kansa yadda zai sauko.

Maganar hanya ba ta da tsawo, domin ƙofar ɗaya ce ga mai mota. Ko ta ina ka ɓullo, sai ka bi ta Bali, garin da ke bakin Kogin Taraba, ka wuce Serti. Mutumin Kano ko Bauchi zai bi ta Gombe, ya ratsa Kaltungo, ya haye gadar Numan, ya kwana a Jalingo, washegari ya kama hanyar Garba Chede. Mai tasowa daga Abuja zai iya bi ta Lafiya da Makurɗi da Katsina-Ala ya shigo ta Wukari ko Takum. Taswirar waya za ta ba ka awoyi kaɗan, amma ita ba ta san gargada ba, ba ta san shingen bincike ba, ba ta kuma san gadar da ruwa ya ci ba. A damunar 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma tsallaka ruwa da jirgin fito. Don haka kafin ka tashi, je tasha ka nemi direban da ya sauko jiya ko shekaranjiya. Shi zai gaya maka inda hanya ta ɓaci da inda ba a bi bayan la'asar saboda tsaro, kuma labarinsa ya fi na kowace taswira sabunta.

Direbobin haya kan yi Jalingo zuwa Gembu da ke can kan tudun a yini guda. Baƙo kuwa, shawarata ya raba tafiyar biyu ya kwana a Serti. A nan hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a Najeriya. A Serti za ka cika tanki, bakanike ya duba maka ƙarƙashin mota, ka yi sallar asuba ka kama hawa da sanyin safiya, lokacin da inji bai gaji ba, kai ma ba ka gaji ba. Wanda ya iso gindin dutse da magariba ya ce sai ya hau, ya haɗa wa kansa abubuwa uku: duhu, hazon da kan rufe hanya har ba ka ganin bonet ɗinka, da tirelolin da ke saukowa da shanu suna cin rabin hannunka a kan kwana.

A kan hawan akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, sunan da masu ba da labari ke dangantawa da ladan da ake biyan leburori tun zamanin sulalla. Za ka ga ruwa na tsattsafowa daga jikin dutse, direbobi sun tsaya suna shayar da lagireto. Ba don ado suke yi ba. Iskar saman tudu ba ta da kauri kamar ta ƙasa, kuma injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau. Ke nan kafin ka kai Nguroje da ke saman tudun, kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin da motarka ke da shi a doron teku ya tafi. Ga ta a lamba ɗaya ko biyu tana kuka, ga gudun bai isa ya turo iska ta sanyaya lagireto ba. Motar da fankarta ke da matsala, ko fanbel ɗinta ya saki, a nan asirinta ke tonuwa. Idan allurar zafi ta ɗaga, a samu wuri mai faɗi a tsaya, a sa dutse a bayan taya, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Da ka ƙare hawan ka fito Maisamari, sai ka rantse wata ƙasa ka shigo. Tuddai ne masu laushi, ɗaya bayan ɗaya har iya ganinka, lulluɓe da ciyawa, babu daji sai a cikin kwaruruka. Itacen turare ya yi layi a bakin garuruwa, da shi ake gini, da shi ake girki. Jajayen shanu masu dogayen ƙahoni sun bazu a kan tudu, domin ƙudan tsando bai cika samun wurin zama a wannan sanyi ba, abin da ya jawo Fulani makiyaya tun tuni suka zauna tare da Mambilawa da Kaka da Panso da Kambu. A kasuwa Fulatanci ya fi yawo a baki, amma Hausa ma tana kai mutum ko'ina. Za ka ga fiya da ayaba da dankalin Turawa da zuma jibge a bakin hanya, a farashin da zai sa mutumin birni ya sake tambaya ko bai ji daidai ba. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai dajin Ngel Nyaki, inda masu bincike daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand suka daɗe suna nazarin itatuwa da birai. Gaba da Nguroje akwai gonar shayi ta Kakara, inda ake sarrafa ganyen Highland Tea. Duk wanda ya saba ganin shayi a cikin kwali kawai, ya kamata ya tsaya ya ga yadda ake tsinkar kan ganyen da hannu ana jefawa a kwandon da aka goya a baya.

Idan iyakarka ke nan, wato Nguroje da Kakara da Gembu, a lokacin rani, to ƙaramar mota mai lafiya ta wadatar, muddin cikinta ba ya jan ƙasa. Motar gayu mai ƙasa-ƙasa da siraran tayoyi ita ce ba ta da wuri a nan. Ramukan hanyar Bali kaɗai sun isa su fasa mata kaskon baƙin mai.

Amma Mambila ta ainihi tana bayan kwalta. Hanyar Mayo Ndaga, ta Dorofi, ta Warwar da Mbamnga, da wadda ke zuwa Kan Iyaka a bakin Kamaru, jar ƙasa ce wadda idan ta sha ruwa takan koma kamar an shafa mata sabulu. Wasu garuruwan ma sai an gangara daga Gembu an tsallake Kogin Donga da kwalekwale. A nan ne mota mai jan ƙafa huɗu ke da amfani, kuma ba kowace mai wannan suna ba. Akwai dogayen motocin birni da ake kira jif, waɗanda tsayin jiki kawai gare su. Abin nema shi ne mai ƙaramar giya ta ja, irin Hilux ko Land Cruiser, da tayoyi masu manyan haƙora. Tayar da ta suɗe ba ta san ƙafa huɗu ba. Duka huɗun ne za su yi ta juyawa wuri guda.

Abin da ya fi burge ni a tashoshin Gembu da Nguroje shi ne tsofaffin Land Rover, waɗanda wasunsu sun girmi direbobinsu. Fenti ya tafi, ƙofa an ɗaure ta da igiya, a sama buhunan masara, a kan buhunan mutane. Baƙo zai yi dariya, amma su ne ke shiga inda sabuwar mota ba ta isa ba. Dalilin bai wuce biyu ba. Jikinsu na alminiyom ne, ba ya tsatsa a ƙasar da ruwan sama ke zuba wata bakwai ko fiye. Sannan babu kwamfuta a cikinsu, duk bakaniken da ke kan tudun ya san su ciki da bai, kayan gyaransu kuma ana ciro su daga jikin 'yan'uwansu da suka mutu. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba kowa: kada ka wuce kwalta da motar da idan ta tsaya sai an kira injiniya daga Abuja da na'urar bincike. Mai irin wannan mota gara ya ajiye ta a Gembu ya yi shatar Land Rover da direbanta, ko ya hau bayan ɗan acaɓa, wanda da damina shi ne sarkin hanya. Masu son hawa Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya da mita 2,419, su ma mota da babur rakiya kawai za su yi musu. Ƙarshen tafiyar a ƙafa ne, tare da ma'aikatan gandun daji.

Lokaci mafi sauƙi ga mai tuƙi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A farkon wannan lokaci ciyawa ba ta gama bushewa ba, hanya kuma ta yi ƙarfi. Idan hunturu ya kankama ƙura kan dusashe hangen nesa, dare kuma sai da bargo biyu. Damina ta fi kyan gani nesa ba kusa ba, sai dai ita ce mai zaftare ƙasa a kan hanya. Ko yaushe za ka je, tafi da safaya mai iska, biyu ma idan da hali, da jak da igiyar ja da shebur da jarkar ruwa da man birki. Mai ya fi tsada a sama, don hawa aka yi da shi, a ƙauyuka kuma sai wajen 'yan bumburutu. Riƙe tsabar kuɗi, saboda sabis na ɗaukewa a bayan tuddai, na'urar cire kuɗi kuma ba ta aiki sai da shi.

Saura saukowa, wadda ita ce direbobin wurin suka fi yi wa baƙo kashedi a kai. Mutumin da ya koyi tuƙi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Katsina ya saba da cewa birki ne ke tsayar da mota. A doguwar gangara, wanda ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba, faifan zai yi zafi har ya daina kamawa. Idan kuma man birkin tsoho ne, ya riga ya tsotsi laima, zai tafasa ya zama tururi, sai ka taka ka ji feda ta tafi har ƙasa babu komai. Ƙa'idar ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe motar, birki kuma a dinga taɓa shi ana saki. Mai atomatik ya cire ta daga D ya mayar L ko 2. Sakin mota a firi don tsimin mai kuwa, a wannan hanya ganganci ne tsagwaronsa. Idan ka ji ƙaurin birki, tsaya ka bar shi ya sha iska, kada ka watsa masa ruwa, don faifan na iya lanƙwashewa.

A kan kwana a danna oda tun kafin a shiga, a tsaya a hannunka ko da kana ganin babu kowa. Inda hanya ta matse, mai saukowa ne ke kauce wa mai hawa, saboda babbar motar da ta tsaya a tsakiyar hawa da kaya ba lallai ta iya sake tashi ba. Shi ya sa za ka ga yaron mota na biye da ita a ƙasa riƙe da weji. Idan kuma tirelar shanu ce ta biyo bayanka a gangara, kada ka yi gardama da ita. Nemi wuri na farko mai faɗi ka raɓe, ka ba ta hanya ta wuce.