Dillalin Wa? Yadda Na Ga Cinikin Gona a Kunci

Mu a birnin Kano mun saba da ejan mai ofis da allo a ƙofa, wanda zai karɓi kuɗin duba gida tun kafin ka ga gidan, in haya ce kuma ya yanki kashi 10 cikin ɗari. Da wannan sanin na raka wani abokina Kunci neman gona, bayan an gama yankan gero. Hanyar Katsina muka bi, muka wuce Dawanau, daga Bichi muka ratse arewa. Ƙaramar hukumar tun 2024 aka mayar da sunanta Ghari, amma a bakin direbobi da 'yan kasuwa Kunci ce har gobe.

A wannan yanki babu daji. Gona tana jingine da gona, gamba ko aguwa ce kawai iyaka, sai gawo da ɗorawa jefi-jefi. Inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan haka, ba a rabuwa da ita sai da dalili mai nauyi: jinya, bashi, aurar da 'ya, ko rabon gado. Shi ya sa ba a tallata ta. Mai gona kunya yake ji a ce ya sayar da abin da ubansa ya bari, sai ya raɗa wa dillali.

Dillalin da aka haɗa mu da shi dattijo ne, ranar kasuwa awaki da tumaki yake dillanci. Ya zagaya da mu iyaka yana nuni da sanda, ya tsaya a gindin wata ɗorawa ya ce wannan ba ta cikin ciniki, ta ƙanwar mai gonar ce tun ranar rabo. Abokina ya ce, "Baba, kai na wa ne a cikinmu, nawa ko nasa?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ni na ciniki ne. Ya faɗa, ku sallame ni ku biyun. Bai faɗa ba, Allah ya ba da lada."

Amsar ta yi mini daɗi a kunne, amma da na juya ta sai na ga ramin da ke cikinta. Wanda zai karɓi la'ada hannu biyu, kuma sai ciniki ya faɗa, ba zai matsa wajen rage maka kuɗi ba, ba zai yi saurin faɗa maka cewa gonar jigawa ce da ta gaji da taki ba. A Amurka jihohi irin su Florida sun hana dillalin gidaje zama wakilin ɓangare biyu a ciniki ɗaya, kuma tun Agustan 2024, bayan ƙungiyar dillalansu ta yi sulhun dala miliyan 418 a kan shari'ar la'ada, sai mai saye ya sa hannu a takarda da nasa dillalin kafin a nuna masa gida. A Kunci ba takarda ke riƙe dattijon nan ba. Masallaci ɗaya suke sallah da mai gonar, 'ya'yansu sun auri juna a dangi, in ya ci amana ba shi da inda zai sa fuskarsa. To, wannan igiyar mutumin gari take karewa. Baƙo daga birni ba ya cikinta.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma wani ne daban, da ya biyo mu bakin mota. Irinsa mai gona ke ce wa, "Kawo mini kaza, abin da ya hau naka ne." Shi ba ya yarda mai saye da mai sayarwa su ga juna, kuma bayansa akwai wasu dillalan, kowa ya ɗora nasa. Wani lokaci har a kawo mai tayin ƙarya don kuɗi ya tashi, abin da malamai ke kira najashi, haramun ne kai tsaye.

Daga ƙarshe kawun matar abokina, wanda manomi ne a yankin, muka naɗa wakili. Shi ya tambayi ko gonar tana jingina, ko duk magada sun yarda, mata da maza, don wanda ke da rabo a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, yana iya biyan kuɗin ya karɓe ta. Shi ya dage a faɗi kuɗi a zauren mai unguwa, gaban maƙwabtan gona, kafin a kai wa dagaci takarda. Ita ma takardar shaidar ciniki ce kawai, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙaramar hukuma ta ba ikon ba da takardar mallakar gargajiya a karkara.

In za ka sayi gona a can, ka girmama dillalin gari, ka biya shi la'adarsa cif. Amma ka tafi da naka mutum, kuma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ji "na sallama" daga bakin mai gonar.