Wasiƙa Daga Barking: Neman Firijin Tafi-da-gidanka

Karatu na nan ana ta fama, malamina ya dawo mini da babi na uku jawur da gyara, amma dai an ce in ci gaba. Uwargida da yara suna gaida kowa da kowa.

Tun da na faɗa wa Yaya a waya cewa na sayi firiji na shiga daji, labari ya zaga dangi. Wasu na dariya, wasu na tambaya ko kuɗin karatun ne suka yi mini yawa. Kawu ma ya aiko a tambaye ni, wai mutum da ɗakinsa da katifarsa, me zai kai shi kwana a jeji in ba hatsi ya ƙare ba? To ga bayani dalla-dalla, domin maganar ta shafe ku fiye da yadda kuke zato.

Mutanen ƙasar nan suna da al'adar ɗaukar tanti idan bazararsu ta shigo, su bar gari su je gindin duwatsu ko bakin tafki su yi kwana biyu ko uku. Kada ku ɗauka ko'ina mutum ya ga dama zai kafa tanti. A Ingila da Wales sai da izinin mai fili, in ban da wani yanki na Dartmoor da kotun ƙoli ta tabbatar wa jama'a haƙƙin kwana a cikinsa a 2025. Scotland ce ke da sassauci, bisa wata doka tasu ta 2003. Saboda haka yawanci filin manomi ake biya a kwana, a ba ka famfo da makewayi. Gare mu ɗalibai masu iyali, wannan shi ne hutun da aljihu zai iya ɗauka, domin kuɗin otal na dare ɗaya zai biya maka filin tanti na kwana uku. Ga shi kuma yaran nan tun zuwanmu ba abin da suka sani sai hawa bene da saukowa, sai Barking Park ranar Asabar. Akwai wani abokin karatuna mai tsohuwar Land Rover, wanda ke son bin hanyoyin burji na cikin tsaunukan Wales, irin waɗanda doka ta yarda mota ta bi. Shi ya ja ra'ayinmu, iyalinsa da nawa.

Matsalar farko ita ce nama. Nan Barking ba mu da kuka. Daga gidanmu zuwa Ilford Lane tafiyar ƙafa ce, mahautan halal jere, ga kasuwar East Street, ga masallacin Al-Madina a kusa. Amma da zarar ka bar manyan garuruwa ka shiga ƙauyukansu, za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mahaucin da za ka ci yankansa ba. Dole ka tafi da naka. Kilishi da dambun naman da Hajiya ta aiko sun daɗe da ƙarewa, kuma ko suna nan, yara ba za su yi kwana uku a kansu ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta ce a riƙa ajiye irin waɗannan kaya tsakanin digiri 0 da 5. Kuma kada ku ce ai Ingila sanyi gare ta. A ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a ƙasar nan, a ranar ce gobarar daji ta cinye gidaje a ƙauyen Wennington, nan gabas da mu kaɗan. Ko a ranar da ba ta kai haka ba, but ɗin mota da ke tsaye a rana tanda ce.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi a zuciyata, kuma ita ce ta sa na zauna na yi bincike kamar wanda zai rubuta wani babin. Kun san allurar insulin da Hajiya ke yi saboda ciwon suga. Kwalbar da ba a buɗe ba, ana so ta zauna tsakanin digiri 2 da 8. Zafi yana rage mata ƙarfi, in kuwa ta daskare ta lalace ke nan, ko da ta narke daga baya. Na san yadda kuke fama idan aka ɗauke wuta kwana biyu: a nemo ƙanƙara a zuba a kula, ko a kai ajiya gidan maƙwabta masu janareta. Sai na ce wa uwargida, tunda dai za mu kashe kuɗi, bari mu sayi abin da zai yi mana aikin bazara ɗaya a nan, sannan ya tafi Katsina ya zauna a ɗakin Hajiya. Daga nan ma'aunina ya canja. Duk firijin da na ɗauka, tambayata ita ce: zai jure watan Afrilu a Katsina?

Iri huɗu na tarar. Na farko kula ce irin wadda muka sani, sai dai mai kaurin jiki. Ba ta cin wuta, ba ta lalacewa, amma ranta ƙanƙara ne. Ƙanƙara na narkewa, aiki ya ƙare, nama kuma yana iyo a ruwa. Wannan ai ita ce wahalar da kuke ciki, ban ga amfanin in aiko muku da ita daga Landan ba.

Na biyu shi ne wanda ya cika kantuna, mai araha, na gan shi daga fam 50 zuwa 100. Akwati ne mai 'yar fanka a murfi, ana sa shi a ramin kunna sigari na mota. Yana aiki ne da wata hikima da wani Bafaranshe mai suna Peltier ya gano a 1834, wato idan lantarki ya ratsa mahaɗar ƙarfe iri biyu, gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Aibinsa a rubuce yake a jikin kwalinsa ga mai karantawa: yana rage zafi ne da kamar digiri 15 zuwa 20 daga na wurin da aka ajiye shi. A Wales da ake digiri 20, cikinsa zai sauko kusa da 5, ba laifi. A Katsina da ake 42 fa? Cikinsa zai tsaya a 22 ko sama. Ruwan randa ke nan. Ƙari a kan haka ba ya hutawa, yana jan kamar wat 48 dare da rana, wato sama da wat-awa 1,100 a kwana ɗaya, alhali batirin ƙaramar mota gaba ɗayansa bai wuce 700 da 'yan kai ba. Ka kwana da shi a kunne, da safe sai turi. Araha ba ta ado.

Na uku manyanmu za su tuna da shi, domin ɗan uwan firijin kananzir ne, irin wanda ake ajiye allurar rigakafi a ciki a asibitocin karkara a da. Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Sweden, von Platen da Munters, su suka ƙirƙiro shi a 1922. Ba shi da inji, zafi ake ba shi ya haifar da sanyi. Na zamanin nan yana karɓar gas ko batir ko wutar gida, kuma shiru yake kamar babu shi. Amma sai an ajiye shi a daidai, ya ɗan karkace aiki ya tsaya, ga mu kuma za mu bi hanya mai gargada. A kan batir ya fi na biyun ma ci. Idan kuma da gas ne, ba a kunna shi cikin tanti ko rufaffen ɗaki, saboda iskar da yake iya fitarwa mai kisa ce, ba ta da wari balle a ankara. Ban yarda in ajiye wannan kusa da gadon tsohuwa ba.

Na huɗu shi ne firiji na gaskiya, mai kwamfiresa irin na gida, sai dai an ƙanƙanta shi ya yi aiki da batir mai bolt 12 ko 24, ko wutar gida. Kai za ka zaɓi sanyin da kake so, daga digiri 10 har ƙasa da sifili da 18, ya riƙe maka shi ko ana zafi ko ba a yi. Yana kunna kansa ya kashe, gargada da 'yar karkata ba sa hana shi aiki. Sunayen da suka yi fice su ne Engel na Japan da Dometic na Sweden, waɗanda na gani daga fam 600 zuwa sama. Na tsaya na shafa su, na yi musu fatan alheri. Akwai kuma na China masu sauƙin kuɗi, tsakanin fam 150 da 300, a cikinsu na zaɓa.

Ga abubuwan da na duba, ko wani cikinku zai buƙata wata rana. Na farko ajin yanayi. A bayan firiji akwai 'yar takarda mai haruffa: N na nufin an yi shi don wurin da zafi bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuwa 43. Duk wanda babu T a jikinsa na ajiye shi gefe. Na biyu, ya kasance yana kashe kansa idan batir ya yi ƙasa, don ya bar wa mota abin tashi. Na uku kaurin bango, domin bango mai kauri shi ke rage wa inji aiki, ko da yake yana cinye wuri. Na huɗu girma. Ido ya so mai lita 50 mai ɗaki biyu, ɗaya na sanyi ɗaya na ƙanƙara, amma mu a hawa na biyu muke ba na'urar hawa, kuma kuɗin jirgi da kilo ake lissafa shi. Na tsaya a mai lita 35, nauyinsa wajen kilo 14 ba kaya. Na biya kusan fam 230, kuɗin cefanenmu na sati biyu da ɗoriya. Uwargida ce ta ce a saya, ta ce ita za ta san yadda za ta ja tukunya.

Sai lissafin wuta. Idan injin na aiki yana jan kamar wat 45. Na gwada shi sati guda a kicin da ma'aunin zafi a ciki, na ga a yanayin nan kusan awa 8 yake aiki cikin 24, wato wat-awa 360. Ƙaramin batirin litiyam na abokina mai ɗaukar 500 ya riƙe shi kwana guda da saura. A zafin gida na ƙiyasta zai ninka haka, mu ce 700. Saboda haka zai buƙaci farantin sola na wat 200 da batir mai ɗaukar aƙalla 1,000, don ya kwana ya kuma jure ranar hazo. Waɗannan a gida za a saya, ba sai an yi musu dako ba. Wani abin daɗi, wutarmu da ta Ingila ƙarfinsu ɗaya, bolt 230, kuma filogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne.

Mun yi kwana uku a Wales. Na daskarar da naman tun a gida, na jera shi a ƙasa cikin robobi masu murfi, madara da kayan miya a sama, na sa shi a digiri 3. Hanyar ta girgiza mu har yara na ihu, shi kuwa ko a jikinsa. Daren ƙarshe muka yi tsire da yajin ƙulin da Inna ta ba mu, har wani dattijon Bature mai tanti kusa da mu ya biyo ƙamshi, ya ci yana hawaye yana neman ƙari.

Duk wannan bincike ya tuna mini da marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya rasu a 2010. Shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da danshin tsumma. Ruwa na bushewa yana tafiya da zafi, gauta da alayyafo su daɗe ba su yi yaushi ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a 2000. Abokina ya yi mamaki da na ba shi labari, ya ce mu gwada. Na ce masa a nan ba za ta yi ba, sai inda iska take a bushe. Ko a gida ma ba ta kai sanyin digiri 8, don haka ba za ta maye gurbin firiji ga kwalbar da ba a buɗe ba, amma ga kayan miya har gobe ban ga abin da ya kai ta sauƙi ba.

Yanzu kai Auta, da kai nake. In Allah ya yarda firijin zai taho kafin zafi ya kama. Idan ya iso, ka bar shi tsaye wuni guda kafin ka kunna, don man injin ya koma mazauninsa. Ka ajiye shi a inuwa, kada ka manna ramukan iskarsa da bango. Ka sa shi a digiri 5. Maganin Hajiya ya zauna a tsakiya cikin kwalinsa, kada ya taɓa jikin firijin, domin bangon ya fi lambar da ake gani sanyi, yana iya daskarar da shi. Zan haɗo da ma'aunin zafi, ka riƙa dubawa safe da yamma, kuma duk abin da likitanta ya faɗa shi ne gaba da nawa. Na san ranar da aka yi zoɓo za a so a cusa galan a ciki. Ban hana ba in akwai wuri, amma a sa shi ya huce tukuna, kuma a rage buɗe-buɗe. Ka tambayo mini farashin farantin sola da batir a wuri biyu ko uku, ka aiko mini kafin ƙarshen wata in san abin da zan tara.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata muna nan muna addu'a, Allah ya ƙara sauƙi ya ja kwana. A gaida Kawu, a faɗa masa hatsi bai ƙare ba, kuma in ya zo ziyara akwai tanti na musamman da ke jiransa. A sa mu a addu'a kan babi na huɗu.

Sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.