Agogon Fijon Baba

Shekara ashirin motar mahaifina, Fijo 504 haɗin Kaduna, tana jigila tsakanin Shinkafi da Ƙauran Namoda. Ta tafi da fasinja da buhunan gero, ta dawo da kuɗin makarantarmu. Bayan rasuwarsa ta zauna a ƙofar gida har tayoyinta suka nutse cikin ƙasa.

Bara 'yan gwangwan suka saye ta a kan kilo. Kafin su ɗora mata guduma, na kwance agogon gabanta mai nuna gudu da mai da zafin inji, na adana.

Kwanan baya wani mai farfaɗo da tsofaffin motoci daga Kano ya taya shi da kuɗin buhun shinkafa. Ya ce masu tara irin waɗannan motoci na asali suke nema, ko da allurarsa ta cije. Ranar kuwa babu ƙwayar hatsi a gidana.

Na sallama. Ban yi nadama ba, domin Baba ma da motar ya ciyar da mu. Abin da ke ci mini rai shi ne ban kwafe adadin kilomitar da ke jikinsa ba, alhali shi ne kaɗai lissafin wahalarsa da ya rage.