Ƙudan Toka a Rumfar Mahautan Garatu

Garatu tana kan hanyar Minna zuwa Bida, cikin ƙaramar hukumar Bosso. In ka hau mota a Kpakungu cikin Minna, ka wuce ƙofar jami'a a Gidan Kwano, ba za ka ƙara wata doguwar tafiya ba sai ka fara hango tulin doya a bakin titi. Ranar kasuwa gari yakan cika maƙil: matan Gbagyi da kaya a kafaɗa, Nufawa, Fulani da ƙoren nono, ga dillalai suna ciniki ƙwarya-ƙwarya, wato doya ɗari-ɗari. Farashin bai kai na cikin Minna ba, shi ya sa manyan motoci ke layi suna lodi.

Ni rakiya na yi wa wani ɗalibi mai nazarin ƙwari, kuma rumfar mahauta ya nufa. Nan an kasa nama a kan tebur, kowa da daidai kuɗinsa, kashin kayan ciki ya fi na tsoka sauƙi. Wani dattijo yana sara, yaronsa yana korar ƙuda da guntun kwali. Ɗalibin ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, izini nake nema in kama ƙuda a bayan rumfa." Dattijon ya yi dariya, ya ce ai ko duka zai kwashe ya yafe masa.

A bayan rumfar, inda ake zubar da tumbi da ruwan jini, iri uku na iya rabewa da idona. Ga ƙudan gida, ga koren nan mai sheƙi, sai wani babba mai launin toka da jajayen idanu, da zane uku baƙaƙe a gadon baya, cikinsa dabbare-dabbare. Shi muka zo nema. Macensa ba ta yin ƙwai kamar sauran, tsutsa take haifa da ranta a kan nama ko kashi ko gyambon dabba, nan take tsutsar ta kama ci. Dattijon ya san wannan tun kafin a faɗa masa. Ya ce nama yakan yi tsutsa alhali da safe aka yanka, kuma ya daɗe yana zargin mai tokar nan.

Abin da ido ba ya gani shi ne mai tokar ba ɗaya ba ne. Danginsu, da masana ke kira Sarcophagidae, sun kai iri wajen 3,000 a duniya, da yawansu kuma launi ɗaya, zane ɗaya. Al'aurar namiji ce ke raba su. A naɗe take a ƙarƙashin ƙarshen ciki, da 'yan ƙugiyoyi da lanƙwasa, kowane iri da nasa fasali kamar yadda haƙoran makulli ke bambanta. Wani Bafaranshe, Louis Pandellé, shi ya fara rarrabe su ta wannan hanya a 1896. Fritz Zumpt, wanda ya yi aiki a Johannesburg, ya fitar da babban littafi kan na Afirka a 1972, har yau ana duba zane-zanensa.

Muka koma inuwar mangwaro. Ɗalibin ya fito da waɗanda ya kama da raga ya kashe a kwalba, ya ware mazan, waɗanda idanunsu suka fi kusa da juna, tafin ƙafarsu ya fi faɗi. Ya soke ɗaya da allura, ya sa wata siririya ya janyo al'aurar a hankali har ta miƙe, ya tokare ta don ta bushe a buɗe. Dole a yi haka tun ƙudan yana ɗanye, in ya bushe karyewa take yi. Yara sun kewaye mu, ba mai magana. Ɗaya daga cikin ƙudajen ƙarshensa ja ne, ɗalibin ya ce yana kyautata zaton Sarcophaga africa ne, wanda aka raɗa wa suna tun 1824, amma akwai wasu masu jan ƙarshe, sai ya sa shi a madubin ɗakin bincike zai tabbatar.

Na ga amfanin wannan haƙuri. Shi wannan irin a kashin mutum da na dabba ya fi hayayyafa, wasu kuwa a mushe. In shi ya fi yawa a kan teburin mahauci, to gyaran ba a rumfa kaɗai yake ba, sai an duba inda 'yan kasuwa ke kewayawa, kuma wannan magana ce da za a iya kai wa shugabannin kasuwa da hujja.

Matan ƙudajen kuwa, ɗalibin ya zuba su a wata kwalba daban da sinadarin adanawa, ya rubuta wuri da rana a 'yar takarda. Su sai da gwajin ƙwayar halitta ake tabbatar da yawancinsu, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka za su jira.