Daga Aji Zuwa Zaure: Kurma Ma Ɗa Ne

Muna roƙon masu karatu su yi mana haƙuri, yau da tonon asirin kanmu za mu fara, domin an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A cikin 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, muna cikin samarin da aka danƙa wa alli tun horonsu bai gama nuna ba. Aka tura mu wata makaranta a ƙasar Bunguɗu, ba nisa da garinmu Nahuce, a lokacin kuwa duk muna cikin Jihar Sakkwato. A ajinmu akwai wani yaro wanda in an kira suna ba ya amsawa sai na kusa da shi ya zungure shi. Muka yanke masa hukuncin taurin kai, muka sa shi gaba da bulala har wata shida. Ran nan sai ƙarfen da ake kaɗawa na tashi ya suɓuce ya faɗi daidai bayansa. Duk aji ya zabura, shi kuwa ko gezau. Nan take jikinmu ya yi sanyi.

Da la'asar muka yi sallama a gidansu. Mahaifiyarsa daga bayan labule ta ce, "Malam, sanƙarau ne ya kama shi yana ƙarami, tun daga nan kunnen ya tafi. Mun ɓoye ne don kada ku koro shi." Daren nan ba mu runtsa ba. Ashe wata shida muna dukan yaro a kan kiran da bai taɓa ji ba.

Wannan nadama ita ta kai mu Oyo, Kwalejin Tarayya ta horon malaman naƙasassu, wadda aka kafa a 1977, shekarar da tsarin ilmi na ƙasa ya ware wa wannan fanni babi nasa, kuma shekarar da Kano ta buɗe makarantar Tudun Maliki. Can muka koyi rubutun makafi mai ɗigo shida wanda Bafaranshen nan Louis Braille ya ƙago, muka kuma koyi maganar hannu irin ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne. Muka dawo gida muka shiga aikin koyar da kurame, har muka cika shekara 35 a bakin aiki, muka yi ritaya a 2011.

Mun daɗe muna tsammanin aikinmu ya ƙare a ƙofar aji. Abin da ya warware mana wannan zato shi ne wata ziyara. Wani attajiri mai rumfar yadi ya zo ganin 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya a makarantar kwana. Ya zo da tsaraba niƙi-niƙi, ba abin da ya rage mata. Yarinyar ta tsaya gabansa tana ta motsa hannu, hawaye na zuba. Ya juyo ya ce, "Malam, me take cewa?" Muka ce, "Alhaji, tambaya take yi, ina Kaka ta tafi? Wai ko fushi ta yi da ita, shi ya sa ta bar gida ba sallama?" Alhaji ya sunkuyar da kai. Tsohuwa ta rasu fiye da shekara guda, yarinyar tana makaranta, ta je hutu har sau uku, amma a gida mai mutum fiye da ashirin ba a sami ko ɗaya da zai iya gaya mata ba. Mu baƙi, mu muka yi mata ta'aziyyar kakarta.

Ranar muka gane cewa mun koya wa yarinya harshe, amma mun mayar da ita gidan da ba mai jin harshen. To, wane ne kurman a nan?

Saboda haka da muka ajiye alli sai muka koma zaure. Yau aikinmu shi ne koyar da iyaye. Mukan zauna da maza a Nahuce da Bunguɗu da Gusau, wani lokaci har Tsafe, mai ɗakinmu kuwa takan shiga cikin gida wajen mata, tun da yake su ne ke wuni da yaron. Rashin tsaro a hanyoyinmu ya rage mana tafiye-tafiye, sai muka koma ɗaukar darasi a waya muna aikawa. Ga kaɗan daga cikin abin da mukan gaya musu.

Na farko, a lura da wuri. Jaririn da ƙarar rufe ƙofa ba ta firgita shi, ko yaron da ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, a kai shi asibiti a auna kunnensa. Kada a ce nauyin baki ne irin na dangi, a zauna jira. Shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kama harshe, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a san musabbabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da za a iya karewa take. Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Mun ga annobar sanƙarau ta 1996, mun ga ta 2017 wadda ta yi wa Zamfara ɓarna ƙwarai. Ƙyanda, da shawarar jarirai, da ciwon kunne mai zubar da ruwa in an yi sakaci da shi, duk suna taɓa ji. Haka nan gubar dalma da ta bayyana a 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, ta kuma bar waɗansu da rauni a ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta hana neman magani, ƙaddara kuwa ba ta zama uzurin wanda ya ƙi kai ɗansa rigakafi ba.

Na uku, a koyi magana da shi. Tun kafin zuwan boko kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a 2000. Mukan fara da alama goma a mako: ruwa, abinci, zafi, zo, bari, salla, uwa, uba, na gode, yi haƙuri. In za a yi masa magana a fuskance shi cikin haske, a taɓa kafaɗarsa, kada a jefe shi da tsakuwa don ya waiwayo. Ihu ba ya ƙara masa kome sai tsoro.

Na huɗu, kada a ɓoye shi, kada kuma a miƙa masa ƙoƙon bara. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, ta kuma ba shi 'yancin karatu kyauta har sakandare. Amma tun kafin doka muna da abin koyi. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barinsa ya ja wa mutane salla in ya yi tafiya. Uba ya tambayi kansa: ɗan nan da ba ya jin kiran salla, wa ya koya masa alwala? In ya balaga bai san tsarki ba, laifin wa?

Na biyar, 'ya mace kurma ta fi kowa bukatar wanda zai ji ƙararta. Mugu ya san ba ta iya faɗi, shi ya sa yake zaɓarta. Uwar da ta iya maganar hannu ta gina wa 'yarta katangar da ta fi ta bulo.

Yanzu ga ku, 'yan'uwa. Kai ɗan kasuwa, ka koyi Yarabanci ko Faransanci don ciniki, ashe alama goma a mako don ɗan cikinka za ta gagare ka? In kuwa Allah bai jarrabe ka da wannan ba, ɗauki kurma guda a shagonka ka koya masa sana'a, za ka ga riƙon amana. Kai kuma ma'aikacin Gwamnati, takardar makarantar naƙasassu in ta iso teburinka kada ta kwana a ƙarƙashin sauran. Masu wa'azi su ma su tuna, a sahun Juma'a akwai waɗanda shekara da shekaru ba su san abin da huɗuba ta ƙunsa ba, alhali mai fassara guda a gefe ya wadatar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron nan na 1976 yau dattijo ne, tela, da 'ya'ya da jikoki. Mun yi shekaru muna kewaye layinsu don kunya. Daga baya muka yi ta maza muka je, muka zauna a bencinsa, muka nemi gafararsa da hannu. Ya dube mu ya daɗe, sa'an nan ya yi dariya, ya nuna cewa ya yafe tuntuni. Amma ya ƙara da abu guda wanda har yau yake ci mana rai: bulalar ba ta dame shi ba kamar yadda mahaifinsa ya rasu ba su taɓa yin hira ba ko sau ɗaya.

Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci, Ya ba mu ikon sauke amanar da ba ta iya kai ƙara. Amin. Wassalam.