Rigar Da Ke Ƙasan Adakar Hajiya

Bayan rasuwar kakarmu Hajiya, Allah ya jiƙanta, da aka zo buɗe kayanta a gidanmu na Yakasai, can ƙasan adaka muka tarar da wata riga a naɗe cikin tsohon mayafi, sai ƙamshin kafur take yi. Rigar atamfa ce mai faɗin wuya, hannunta gajere mai tattara a kafaɗa, an tsuke ta a ƙugu. A cikinta akwai takardu biyar da aka yanka da almakashi: gaba, baya, hannu, da biyu na wuya. Su aka ɗora a kan yadi aka yanko rigar.

Ƙanwar Umma ta ce ai rigar auren Hajiya ce, a haɗa ta da kayan gado. Umma ba ta ce uffan ba sai da muka keɓe. Ta ce jikinta yana ba ta rigar Yayarsu ce, wadda ta rasu wajen haihuwar fari tun Umma tana 'yar shekara tara. Ko hotonta babu a gidan. Tsakanin auren Hajiya da na Yaya kusan shekara ashirin ne, don haka in na gano zamanin ɗinkin, na gano mai rigar.

Ranar wata Asabar da na sauko daga aikin dare, maimakon in kwanta sai na sa rigar a jaka na tari adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mata. Marinar nan, wadda ake cewa tun 1498 take, yanzu rijiyoyin da ke aiki ba su da yawa, sauran sun bushe. Wani marini da hannunsa ya rine har gwiwa ya ƙi taɓa rigar, ya ce in juya masa cikinta. “Hajiya, wannan ba namu ba ne. Baba ratsa yadi yake ciki da bai.” Gaskiyarsa, bayan yadin ya fi fuskar haske sosai. Bugun inji ne mai fuska ɗaya, ba ma irin atamfar Holan da ke da fuska biyu ba. Ya ce in tambayi mutanen Kurmi.

Ni da nake 'yar cikin gari, kunya ce in faɗa, rabona da shiga tsakiyar Kasuwar Kurmi tun sayayyar aurena. Duk mun koma Kantin Kwari. Amma nan ce uwa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma da Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda saƙin garin nan da rininsa ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Lungunan har yau ƙunci gare su, mutum biyu sai ɗaya ya karkace. Ƙamshin turaren wuta a nan, warin fata a can, ga kanwa a tsibe, ga rigunan doki a rataye. Kwatar Jakara kuwa, a matsayina na ma'aikaciyar jinya gara in yi shiru. Wani dattijo mai sayar da saƙi ya ce yadi ba ya faɗin shekararsa, ɗinki ne ke faɗa, ya kwatanta mini zauren wani tsohon tela a Soron Ɗinki, unguwar da sunanta ma daga sana'ar ya samo asali.

Na same shi a kan buzu, ya haura tamanin, yana ta rufe masa ido ɗaya. (Kafin in tafi sai da na ja jikansa gefe na ce a kai shi a duba, aikin ba ya ɗaukar lokaci.) Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa rigar. Da yatsa ya karanta ta. Ya bi ɗinkin gefe ya ce keke ne, amma hannun da ya ja shi bai gama faɗawa ba, ga inda layin ya kauce. Ya taɓa bakin yadin ta ciki: da allura aka kalmashe, ba injin ɗaure baki na yanzu ba. Babu zif, sai ƙananan maɓallan ƙarfe masu ɗanawa. Da na ambaci auren Hajiya sai ya yi dariya. “'Yata, amaryar cikin gari a wancan lokaci zane ne da gyauto da mayafi da kallabi. Wa zai tsuke mata ƙugu?”

Da na fito da takardun ne ya gyara zama. Ya ce telan birni ba ya yanka da takarda, awo ne da alli da ido. Yanka takarda a ɗora a kan yadi koyarwar makarantar boko ce, inda ake koya wa 'yan mata ɗinki. Gabana ya faɗi. Hajiya ba ta taɓa shiga aji ba. Yaya kuwa an sa ta a makarantar 'yan mata ta Shekara.

Jikan nasa ne ya ce, “Anti, ai jarida ce.” Wata biyu takardun suna hannuna, siffarsu kawai nake kallo, ban taɓa karanta su ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ce. Wannan kaɗai bai isa ba, tunda tun 1939 aka fara buga ta a Zariya, kuma almakashi ya cinye kwanan watan. Sai dai a takardar baya akwai guntun labari da sunan Gwamna Audu Baƙo, wanda ya fara riƙe Jihar Kano bayan an ƙirƙiro ta ranar 27 ga Mayu, 1967. A takardar hannu kuma ga talla da farashi a fam da sule, kuɗin da naira da kwabo suka maye gurbinsu ranar 1 ga Janairu, 1973. Jarida tana iya daɗewa a gida kafin a yanka ta, amma ba a yanka ta kafin a buga ta. Rigar nan ba ta girmi 1967 ba, lokacin da Hajiya ke da 'ya'ya shida. Baba ya miƙo tef na auna ƙugun: inci 26.

'Yar'uwa, in kin ci karo da irin wannan a kayan tsofaffinku, kada ki wanke, kada ki goge. Juya cikin rigar tukuna, ki karanta duk takardar da ke tare da ita, ko da naɗin kafur ce.

Bayan la'asar na isa gida. Na jera takardun a kan tabarma na yi bayani ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwar Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta tura rigar gaban Umma. Umma ta ɗauki takardar hannun, ta ce yanzu ta tuna: Yaya a ƙofar ɗaki da keken hannu na aro, ita kuma an sa ta riƙe bakin yadi, tana ta ƙorafin an hana ta wasa.

Na kwafi samfurin a sabuwar takarda. 'Yata mai shekara goma sha biyu ta ce irinta take so da Sallah, an dai ce a ƙara wa hannun tsawo. Ta asalin tana ɗakin Umma, cikin mayafin da muka same ta.